Keken Kawu na Yanbu

Ana idar da sallar asuba a masallacin Ƙuba da ke Madina muka ɗauki hanyar Yanbu, garin bakin teku, ni da matata da wani abokina likita wanda bai iya jin an ce kifi ya zauna a gida. Kawun matata ne zai tashi daga Yanbu ya dawo Madina bayan ritaya, kuma 'ya'yansa sun kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya kwashe tarkacen gidan. Cikin tarkacen, in ji matata, har da wani tsohon keke da Kawu ke ta rigima a kansa. Ni kuwa injiniya ne, kuma duk unguwarmu ta Ƙurban an san haukata a kan keke.

Hanyar sumul take, baƙaƙen duwatsu dama da hagu. A kusa da Badar muka tsaya muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi. Muka sha mai, likita ya duba kuɗin ya ce ruwan da ya saya ya fi fetur tsada, shi daga yau fetur zai riƙa sha.

Mun tarar da gidan a hargitse. Kawu na tsaye a tsakar gida riƙe da keken, jikoki na masa dariya da Larabci. Shekara da shekaru yana gaya musu cewa wani Ba'amurke abokin aikinsa ne ya bar masa shi a shekarar da aka haifi babbar 'yarsa, farkon shekarun tamanin, lokacin ba wanda ya taɓa ganin keken hawan dutse a garin. Su kuwa sun ɗauka cika bakin tsofaffi ne.

"Yaya, don Allah ka gaya masa halas, ya isa haka," in ji babban ɗansa yana dubana. "Irinsa cike suke a haraj, kasuwar gwanjo."

Na durƙusa na duba. Firam ɗin ƙarfe ne zalla, ba sifirin gaba ko baya, ga tsawo kamar jaki. Kan keken an yi masa walda mai kusurwa uku, hannayen birki manya irin na babur. Nan na ƙara matsowa, domin kekunan farko-farko haka suke. Na ba su labarin samarin Kalifoniya da suka riƙa gangaro duwatsu da tsofaffin kekuna har birki ya yi hayaƙi, kafin kamfanoni su fara ƙera irin wannan. Sannan muka kifa shi, na goge tsatsa da kananzir. Ga lambar firam a ƙasa, ga kuma haruffa biyu a bayan ƙarfen feda, waɗanda ke nuna shekara da watan ƙira. Lissafi ya faɗa shekara guda kafin haihuwar 'yar tasa.

"Kawu, gaskiyarka," na ce. "Wannan ya girmi duk wanda ke dariya a nan."

Tsohon ya gyara zaman hularsa, ya kalli jikokin ɗaya bayan ɗaya. Babbar jikarsa ta matso ta ce da kakan nata, "Jaddi, da gaske ka hau dutse da shi?" Ai sai labari ya ɓalle, har sayadiyyar da aka kawo mana, wato shinkafa da kifi, ta huce. Likita kaɗai bai jira ba.

Mai ƙarafa ya zo ya tafi da komai ban da keken. Muka ɗaure shi a saman mota, Kawu da kansa ya ja igiyar, ya ce in gyara amma kada in taɓa fentin.

Mun shigo Madina ana kiran magariba. Na yi karatu mai yawa a kan ƙarfe, na sa hannu a manyan ayyuka, amma ban taɓa alfahari da ilimina kamar ranar ba, ranar da ya sa aka daina yi wa dattijo dariya a gidansa.