Gwangwanayen Baba Manzo

Baba Manzo ya yi shekara ashirin da biyu yana gadin lambun dashe na bakin garin Gure, inda ake renon itatuwan dogon yaro da kandili kafin a kai su kan rairayi. Garinmu ba shi da wani wurin shan iska sai nan. Mutum ne gajere, marar fara'a, yana da keke baƙi wanda ya fi tura shi fiye da hawa, don a Gure taya na nutsewa kafin mutum ya taka sau uku.

Aikin gadi ba shi da yawa, sai ya ƙirƙiro wa kansa wani. Yakan samu gwangwanin madara mai murfi, ya sa takarda da guntun fensir a ciki, ya binne a lambun. Ranar Lahadi malamai biyu na lakwal, wato makarantar boko, waɗanda ake ce wa mushe kamar duk ɗan boko a nan, da wani tela, da mai allura na asibiti sukan zo da kekunansu. Manzo ya faɗa musu kwatance: daga goribar nan mai kai biyu, ka fuskanci gabas, juyi arba'in. Ba ya awo da taku, don ya ce ƙafar mutum na ƙarya idan ya gaji. Jan tsumma yake ɗaurewa a ƙafar keke ta gaba, ya tura, yana ƙirga sau nawa tsumman ya taɓa ƙasa. Wanda ya samu gwangwani ya rubuta sunansa a takardar ciki ya mayar ya rufe. Babu kyauta. Na taɓa tambayarsa amfanin abin, ya ce, "To kai da ka yi jami'a, me ya fi wannan?"

Na dawo daga Yamai a shekarar 1992 da diplom ɗina na gama jami'a, amma abin da na gani lokacin zanga-zangar ɗalibai bai bar ni ba. Ko mota ta tsaya a ƙofar gida sai na shige ɗaki na ɓoye. Na sa a raina cewa duk takarda mai sunan jami'a za ta jawo mini bincike. Na naɗe diplom ɗin a leda na kai wa Baba Manzo, wanda abokin mahaifina ne. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa a gwangwani, ya tura kekensa cikin lambu, ya dawo ya ce, "Daga aduwa, yamma, sittin da uku."

Bayan shekara biyu aka ce ana ɗaukar malamai, akwai gurbi a Bune, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu. Babu diplom, babu aiki. Na je wurin Baba Manzo ranar Talata da hantsi.

Muka tura keke daga aduwa, yamma, sittin da uku. Muka tona har gwiwar hannu. Rairayi kawai. Muka sake ƙirgawa, ni da bakina shi da nasa, muka sake tonawa. Babu komai.

"Baba, ko wani ya ɗauke?"

"Mushe, mutanena ba sa ɗauka. Rubutu kawai suke yi."

"To ina yake?"

"Yana nan inda na sa shi. Mu ne ba mu je wurin ba."

Ranar Laraba mun tona rami tara. Lambun ya zama kamar gyare ya kwana a ciki. Da azahar matarsa, Inna Yakura, ta kawo masa fura. Ta tsaya tana kallon ramukan, sannan ta kalli keken.

"Malam, da wace ƙafa ka auna?"

"Da ƙafar kekena mana."

"Wannan ƙaramar? Ba bara ka sa ta ba, da jakin Ibram ya taka waccan ta lanƙwashe?"

Baba Manzo ya duba ƙafar ya daɗe. Ya sha fura. Ya ce, "Na san da haka."

"Ka sani ka tona rami tara?"

"Ina duba ƙasa ne."

Tsohuwar ƙafar tana wurin Barmo mai sayar da ruwa, wanda ya bubbuge ta ya sa a kurarsa. Muka same shi a bakin famfo. Ya ce ba zai cire ba, don in ya cire ba ta komawa, amma zai zo da kurar gaba ɗaya. Haka muka shiga lambu, Barmo na turawa da jarkoki shida cike, Baba Manzo na tafe a duƙe yana ƙirga jan tsumma, ni ina biye ina addu'a. Ƙafar ba ta miƙe sosai ba, kurar na karkata hagu, Inna Yakura na ihu daga inuwa cewa a yi dama.

A sittin da uku muka tsaya, taku goma sha gaba da ramin ƙarshe. Ban tona ya kai taƙi biyu ba yatsana ya bugi murfi.

Diplom ɗin na nan, gara ba ta taɓa shi ba. Sai dai ɗaurin ledar ba nawa ba ne. Na juya bayan takardar na ga rubutun fensir, layi uku: Zakari tela. Mushe Salihu. Zakari tela, karo na biyu. Ashe 'yan wasan Lahadi sun tono shi, suka ɗauke shi takardar sa suna.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, diplom ne fa."

Ya karɓa ya duba gaba, ya duba baya. "Gaban ai ba su taɓa ba. Mutanen kirki ne." Ya laluba gwangwanin ya ciro guntun fensir ya miƙo mini. "Kai ma ka samu. Rubuta."

Na rubuta sunana, Aisami, a ƙasan sunan tela. Ranar Alhamis ma'aikacin da ke karɓar takardu ya juya bayan, ya karanta, ya tambaye ni ko waɗannan shaidu ne. Na ce e. Ya buga hatimi.

Yau shekarata uku ina koyarwa a Bune. Baba Manzo yana nan da gadinsa. Tun daga ranar, duk kwatancen da zai bayar sai ya faɗi da wace ƙafa, kuma Barmo na zuwa ranar Lahadi da kurarsa saboda tsofaffin gwangwanaye huɗu da har yanzu ba a gano ba.