Ƙwarzanen da ya ƙi warkewa

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shige, da masu turo saƙon neman shinkafa suka ji shiru, ku yafe ni. Tun kafin azumi rabona da shafin nan. Sai yanzu bakina ya iya buɗewa.

Waɗanda suka san ni sun san turara shinkafa nake yi a Argungu. Wuni nake gaban tukunya, tururi a fuska, gumi har cikin zane. Kuma Allah Ya yi ni mai cikar ƙirji. Don in ji daɗin sunkuyawa, rigar mama ta gwanjo nake saye, mai ƙarfe, wadda za ta matse ni tam. A ganina matsewa ita ce riƙo.

Wata rana ƙarfen ya huda ƙyalle ya soke ni a ƙarƙashin nonon hagu. Ɗan ƙwarzane ne. Na tura ƙarfen ciki, na ɗinke wurin, na ci gaba da sawa.

Ƙwarzanen bai warke ba. Na shafa man kaɗanya, na barbaɗa hoda, sai buɗewa yake. Gefensa ya yi tauri, ya fara ruwa, daga baya ya fara wari.

Warin ne ya karya min zuciya. Ni na yi jinyar gwaggona da ciwon dajin nono ya ɗauke, hancina bai manta ba. In na tuɓe zan yi wanka sai in kau da kai daga wurin. In ina zuba wa yarana tuwo, sai in kama kaina ina tunanin wa zai riƙe su.

Ko maigidana ban faɗa wa ba.

Yaya Kulu, yayata da ke aure a Gulma, ita ta gano. Ta zo taya ni shanya, ta ga na kasa ɗaga hannu. Ta ja ni ɗaka ta ce, "Buɗe in gani." Da ta gani ta yi salati. "Ke! Wanga abu kika ɓoyo? Gobe Birni za mu."

Washegari maigida ya sa mu a mota. Muka kama hanyar Birnin Kebbi.

A asibiti likita mace ce. Ta duba, ta danna, sannan ta yi min tambayar da ban zata ba: "Kina yawan fitsari? Ƙishi fa?" Na ce sosai, amma ai zafin murhu ne. Ta ce za a ɗibi jini, a yi hoton nonon, a kuma yanki ɗan nama a bakin ciwon a kai gwaji.

Na jini ne ya fara fitowa. Ciwon suga, kuma ya hau sosai. Nan take aka ba ni gado.

Kullum da safe a soki yatsa, a yi allura, sannan wankin ciwo. Wankin nan, sai na cusa gefen mayafi a baki. Kuɗin gwaji da magani suka cinye buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, da na tara don aiki, maigida ya sayar da su. Duk wannan da sauƙi a kan jiran sakamakon naman. Duk likitan da ya shigo da takarda, sai gabana ya faɗi.

Ranar da ya fito, likitar ta ce, "Hajiya, ba daji ba ne. Suga ne ya hana ciwon haɗewa, ga gumi, ga ƙarfe na gurzarsa kullum." Yaya Kulu ta faɗi ta yi sujada. Ni ko hamdala ban iya ba, kuka kawai.

Mai wanke min ciwon, Sista Rifkatu, 'yar Filato ce da ta daɗe a Birnin Kebbi. Ita ta ce in miƙo rigar maman. Ta ɗaga ta tana girgiza kai. "Maman yara, wannan ai ta budurwa ce." Kunya ta kama ni, amma na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Da ciwon ya haɗe na koma a duba ni, ta auna ni da tef irin na tela. Ashe tun haihuwata ta fari awona ya canza, ni ban canza ba.

'Yan uwa mata, ga abin da na koya. Ku auna ƙarƙashin ƙirji, ku auna kan cikarsa, kafin ku saya. Ɗaurin baya ya zauna daidai, kada ya haye sama, kuma yatsu biyu su iya shiga. Igiyar kafaɗa mai faɗi, wadda ba ta barin shaida. In nama na tumbatsowa ta sama ko ta hammata, ta yi kaɗan. Mai aikin wuta ta nemi ta auduga marar ƙarfe, ta canza in ta jiƙe, ta tsane wurin sosai. Wadda ƙarfenta ya leƙo, a yar da ita. Ciwon da ya ƙi warkewa kuwa, ko tauri, ko ruwa, a tafi asibiti.

Alhamdu lillahi. Yaya Kulu, maigida, likitoci da Sista, Allah Ya saka muku da alheri. Na koma aiki, ina shan maganina.

Roƙo ɗaya gare ni. Ranar da aka sallame ni, na bar wata 'yar Zauro a gadon kusa da nawa. Nata sakamakon bai zo irin nawa ba. Ita ta riƙe min mayafi ina ɗaura kaya, tana ce min, "Sauka lahiya." Ku sa ta a addu'a.