Kwallin da na ɗora a kan sikeli

Tun ina da ciki fargabata ɗaya ce, kada ɗiyata ta ɗauko ƙananan idanun ubanta. Ta kuwa ɗauko su. Inna, uwar mijina, ta ce kwalli ka buɗe ido. Na sawo tandu guda a kasuwar Jega, muna rangaɗa mata safe da yamma.

Tana wata biyu sai ga ƙanwar mijina, wadda ke karatu a Aliero, da 'yan ledoji tana bin ɗakuna tana ɗibar hoda, jan baki da man shafawa.

"Matar Yaya, ɗan san mini kwallinki. Ɗakin gwaji za mu kai, mu duba ko akwai ƙarafa masu nauyi."

"Ƙarfe? Cikin wanga ɗan gari?"

"Awo. Kar ki ƙara sa mata sai sakamako ya fito."

Tana fita na dubi yarinya, kai na rangaji, wuya ya kasa ɗaukarsa. Na ce shi ke nan, nauyin ƙarfe ne. Na ɓalle bayan rediyon maigida, na ciro maganaɗisu na kara mata a goshi. Bai kama ba, sai atishawa ta yi. Na ruga da tandun wurin maƙwabciya mai sayar da gari, munka ɗora shi kan sikeli. Allura ko motsi.

Da na dawo na faɗa wa Inna, sai ta kama haɓa. "Ke 'yar nan, wane jariri ka riƙe wuya a wata biyu? Ubanta sai da ya yi huɗu, ga kai kamar kabewa."

Na yi dariya, hankalina ya kwanta, har na buɗe tandu. Sai na tuna kashedin ƙanwar mijina, na rufe.

Bayan mako uku ta dawo da takarda. Akwai dalma cikin kwallin, da yawa. Na ce ai na auna, na kara maganaɗisu. Ta ce sikeli ba ya ganinta, maganaɗisu ba ya kama ta, jini take bi a hankali ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Da na ba ta labarin rediyo sai da ta zauna ƙasa don dariya. Ni ban yi ba. Washegari munka kai yarinya asibiti.

Yanzu tana gudu, tana surutu, idanun na nan ƙanana. Rediyo bai sake magana ba.

Don Allah, kada ki sa wa jariri kwallin da ba a gwada ba. In kuma kin gamu da ɗiyata, ki yabi gashinta kawai.