Kujeru Shidan da Usta Ya Ɗaura

Mun tashi da asuba daga Gadarif, ni da abokina, malamin makaranta da ya yi ritaya, a cikin tsohuwar boksi tawa, wato motar a-kori-kura, tirela na biye da mu tana ƙwaranniya. Rabona da Khartoum tun ranar da yaƙi ya kore mu daga Hajj Yusuf.

Tirelar ce dalilin tafiyar. Rufaffiya ce, irin ta rabon sabulu, na saye ta a hannun wani ɗan kasuwa shekaru kafin yaƙi. Na kai ta Omdurman wurin wani mai walda Bahaushe da kowa ke kira Usta. Ya yanka gefe guda ya gyara shi yadda in an ɗaga zai zama rumfa, ya huda taga ya sa raga, ya ƙera mazaunin tulu da aljihun risho, ya jera zobban ɗaure kaya. Sannan ya kafa kujeru shida na ƙarfe a daɓen, uku nan uku can, don mu shida ne abokai har da shi. Ranakun aiki ina cusa kwalaye tsakanin kujerun in raba wa masu shaguna. Ranar Juma'a kuwa sai Jabal Awliya: mu ɗaga rumfa a bakin ruwa, mu soya kifi, mu yi ta gardamar ƙwallo har magariba.

Yanzu mutane sun fara komawa gida, aikin da ake samu shi ne kwasar gadaje da firij, kuma kujerun nan sun tare wuri. Masu walda na Gadarif sun ce minti goma su yanke su. Na ƙi, na ce wanda ya kafa su shi zai cire. Matata ta ce taurin kai ne. Gaskiyar kuwa, wayar Usta ta daɗe a kashe, ban san ko yana raye ba, kuma tsoron tambaya nake yi.

Hanya zuwa Fao ta ci mana rai. Ramuka ne da mota za ta shiga ta yi sallama, ga manyan motocin dawa ba sa kauce wa kowa. A kowane shinge sai an buɗe tirela. Wani soja ya leƙa, ya ga kujeru a jere babu kowa, ya tambaye mu ko makaranta ce. Malam ya ce eh, ɗaliban ne suka tafi hutu. Sojan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Mu dai ba mu yi ba.

A Madani muka karya kumallo da ful, waken nan da ake dagargazawa da man riɗi, da burodi mai zafi. Abin da muka biya mu biyu, da can da shi nake ciyar da mu shida har da shayi, kuma ta waya aka karɓa, don kuɗin takarda sun yi wuyar gani. Gefen tasha wani ɗan'uwanmu Bahaushe na gasa agashe, wato tsire. Har kullum yana ba ni dariya in ji Larabawa na cewa a ba su agashe, ba su san Hausa suke yi ba. Malam ya ci tsinke huɗu, wai likita ne ya hana shi nama.

Mun shiga Khartoum ta Soba bayan la'asar. Gani ya kori ji, jama'a. Gonakin bakin kogi sun zama jeji, gidaje sababbi fil babu ƙofa babu taga. A Hajj Yusuf na tarar da gidana tsaye, amma an kwashe komai har wayar wuta ta cikin bango. Raksha, wato a-daidaita-sahu, ta fara yawo a layinmu, mai gidan burodi ya buɗe, wata maƙwabciya ta aiko mana da ruwa da kisra, wainar nan ta dawa mai faɗi. A tirela muka kwana a ƙofar gidana, kamar baƙi.

Washegari muka haye Omdurman ta wata gadar, don wadda muka saba bi ta karye. Layin masu walda, inda da ba ka jin maganar na kusa da kai, ya yi tsit. Shagon Usta a buɗe, babu inji, babu ko guduma, sai baƙin tabon walda a bango. Na kasa fita daga mota. Malam ne ya je wurin wata mai shayi a ƙarƙashin bishiyar maina. Ta ajiye ludayi ta ce, "Usta? Ga shi can a masallaci, kullum sai ya zo ya zauna a shagon nan kamar akwai aiki."

Ya rame ƙwarai, gemu ya yi fari fat. Da ya hango tirelar sai ya tsaya cak, sannan ya wuce mu ya je ya dafa ta tukuna. Muka rungumi juna a tsakiyar titi, mu ukun muna kuka, ba mai jin kunyar wani. Ya tambayi sauran. Muka ce ɗaya yana Masar, ɗaya yana Port Sudan, na shidan kuma, direban bas mai yawan tsokana, ciwon suga ya ɗauke shi a gudun hijira. Usta ya yi salati.

Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, na ƙara da cewa na ga ba shi da inji, a bar maganar. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Ya zol, bawan Allah, shekara nawa kana jan ta, ba ka taɓa leƙa ƙarƙashinta ba? Ba walda ba ce, noti ne. Na goge kawunan na shafa fenti don kyau. Wa ya ce maka ana yanke kujerar mutum?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Malam ya yi dariya har da tari.

Amma Usta ya ce ba zai taɓa sifana ba sai mun sha kofi a bakin kogi. Muka gangara Abu Rof, inda da ake sassaƙa jiragen ruwa, muka ɗaga rumfa. Kowa ya zauna a kujerarsa ba tare da an nuna masa ba, uku suka rage. Risho ya kama da ashana ɗaya. Kogin yana nan yadda muka bar shi, wani masunci na jan koma, iska na shigowa ta taga. Mun yi hirar ranar da tulu ya fashe a hanyar Sabaloka, da ranar da marigayi ya faɗa ruwa garin nuna mana iyo. Ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki a zama ɗaya kamar ranar ba.

Bayan azahar ya ari sifana, ya kwanta ƙarƙashin tirela, muna riƙe masa ta sama. Muka jera kujerun a shagonsa, wanda ba shi da ko abin zama. Notunan kuwa ya zuba su a gwangwanin madara, ya ɗiga musu baƙin mai, ya miƙo min.

"Kujeru a wurina, noti a wurinka. Ranar da mutane suka dawo, ka zo."

Na ce ai na kujera ɗaya ba za a ƙara buƙatarsu ba. Ya rufe gwangwanin da tafin hannu ya ce, "Shida na ɗaura, shida zan mayar. Mai zama, Allah zai kawo shi."

Kwana biyu bayan haka muka isa Gadarif da yamma, tirela fayau. Kafin mako ya zagayo na yi lodin farko: gadaje uku da firij na wata gwauruwa mai komawa Aljirif, komai ya shiga har da sauran wuri. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, tsoron jin mummunan labari ya sa na bar mutum yana zama shi kaɗai a shagon da babu kowa, alhali tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu. Da na dawo na nemi lambar na Masar da na Port Sudan, na kira su, na ce Usta yana raye, yana kuma tsare musu wuri.