Yadda Na Yafe wa Baffana

Shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi, aka aiko ƙauyenmu da ke bayan Kaikai, wai gwamna na son majiya ƙarfi su je haƙar kuza a ƙasar Jos. Mutum ɗaya aka yanka wa unguwarmu. Mai unguwar kuwa baffana ne, ƙanen mahaifina, mutum mai adalci ƙwarai. Ya duba ƙartin 'ya'yansa huɗu, ya ga duk ba su da lafiya, sai ya ba da sunana. Ni maraya ne, kuma tarin da nake fama da shi, in ji shi, canjin iska ne maganinsa.

Iska kam na sha. Daga Kankiya aka kwashe mu. Wata huɗu ina ɗaukar kwanon ƙasa a ka cikin sanyin da ke shiga ƙashi, har dutse ya faɗo ya tafi da yatsun ƙafata biyu. Da na dawo na tarar Baffa, don tsabar tausayi, ya nome mini gonar ubana, ya kuma adana geron a rumbunsa.

Shekara tara ban gaishe shi ba. Shi ma bai rame ba.

Ana nan sai ya yi niyyar tafiya Makka a ƙasa. Ya aika aka kira ni zaurensa, ga liman, ga dattawa cike.

"Ɗana," ya ce, "in akwai wani abin da na taɓa yi maka, a yafe."

In akwai! Na dubi ƙafata, na dube shi.

"Baffa, kamar me ke nan?"

Liman ya yi gyaran murya. "Kai, ba a tsittsinke magana gaban manya. Ce ka yafe."

Na ce na yafe. Aka shafa fatiha, kowa na yaba tawali'un Baffa. Ni kuma na koma gida da fushina cif, ko ƙwarzane bai yi ba.

Bai kai Makka ba. Ya ɗan wuce Kano ciwon kurkunu ya kama shi a ƙauri, fatake suka dawo da shi bisa jaki. 'Ya'yan nan huɗu, da yanzu lafiya ta samu, duk sun tafi cin rani.

Matata ta dama fura ta ce in kai masa. Na karɓa, ba don Allah ba, so nake in ga yadda duniya ta yi da shi. Na same shi shi kaɗai a zaure, ƙudaje sun rufe ƙafar, yana ƙoƙarin naɗe tsutsar a tsinke. Ya kusa tsinka ta.

"Kawo nan," na ce. "In ta tsinke a ciki, za ka kashe kanka."

Ina naɗewa a hankali, sai ya ce, bai ko kalle ni ba, "Da na tura babbansu, da uwassu ba ta bari na sha ruwa a gidan nan ba. Kai kuwa ba ka da mai yi maka faɗa."

"Shi ke nan dalilin, Baffa?"

"Shi ke nan."

Shekara tara ina zaton wata tsohuwar gaba ce tsakaninsa da mahaifina, ashe tsoron matarsa ne kawai. Dariya ta kama ni har tsinken ya kusa suɓuce mini. Na nemi fushin nan da rana, na nema da yamma, abin da na samu bai isa a ɗaure fuska ba.

Tsutsar kurkunu ba a yi mata gaggawa, kullum kaɗan ake ja. Kwana ashirin ina zuwa kowace safiya har ta fita ɗungum. Da Baffa ya miƙe, ya zaga gari yana faɗa wa mutane cewa haƙurinsa ne ya dawo da ni hanya. Har liman ya tare ni ya yi mini barka da shiryuwa. Na ce na gode.