Ɓatau da Bishiyar Gwaggo

Ƙanena bai san hanya ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Shagonsa na aski yana bakin layinmu, amma ya sha fita sayen reza ya dawo ta wata unguwa. Ɓatau muke kiransa, yana amsawa.

Wannan mutumin ne yake rufe shago duk Asabar, ya kwashi jikokinsa zuwa duwatsun bayan gari, gorar ruwa a kafaɗa, tawul ɗin aski a wuya don share majina. Tunda ba ya riƙe hanya, sai ya ɗora wa yaran aikin: duk abin da suka wuce su raɗa masa suna, a dawowa su bi sunayen daga ƙarshe zuwa farko. Akwai Dutse Mai Tumbi. Akwai wata karkatacciyar bishiya mai ƙaya da suka sa wa Bishiyar Gwaggo. Ni ce Gwaggon gidan. Ban yi dariya ba.

Matar ɗansa ba ta son fitar. Autarta tana da i'ina, tsokanar 'yan makaranta ta sa ta kusa daina magana, uwar kuma tana tsoron ta ɓace ta kasa kiran kowa. Cikin ladabi ta gaya masa, in suka sake kai magariba a waje, auta ta gama zuwa. Na goyi bayanta. Ɓatau ya ce a can ne kaɗai yake jin muryar yarinyar.

Asabar ta gaba na bi su in gani da idona. Hadari ya taso, muka juyo a gaggauce, muka tsinci kanmu a mararraba. Manyan yaran suka hau musu. Ɓatau ya samu dutse ya zauna.

Na ce, "Tashi mana, gwanin hanya."

Ya ce, "Yaya, in na tashi ƙara ɓatar da ku zan yi."

Sai na ji auta tana jan zanena, bakinta yana kokawa da kalma. Na buɗe baki zan ƙarasa mata, ya ɗaga min hannu. Muka jira har yayyafi ya fara.

"Gwa... Gwaggo tana hagu."

Tana hagun kuwa, a murtuke. Daga nan yarinyar ta shige gaba tana kiran sunayen, wasu da ƙyar, har ƙofar gida, rana ba ta faɗi ba. Ni na ba uwar labari, don ta san ba na ƙara gishiri. Ta bar auta ta ci gaba da zuwa.

Yanzu gwiwa ta zaunar da Ɓatau, iyayen ne ke kai yaran. Abu ɗaya ya roƙe su: su riƙa bi a baya, kuma in yaro yana neman kalma ko hanya, kada a riga shi.