Auta da Kitsen Jinin Baba

Ƙanwata Auta tela ce, kuma ita kaɗai a cikinmu ta gaji ciwon Baba: kitse mai yawa a jini, wanda likitoci ke kira kolestarol. Ba maganar ƙiba ba ce, don Auta siririya ce kamar allurarta. Tun tana budurwa wasu tabo rawaya suka fito mata a fatar ido, irin na Baba sak. Shi kuwa sai ya riƙa nuna ta ga baƙi, wai ga wadda ta ɗauko shi. Ni da na ɗauko hancinsa ba a taɓa nuna ni ba.

Baba a bakin titi ya faɗi, zuciya ta tsaya, bai kai hamsin ba. Daga nan gida ya koma na Auta. Tukunyarta daban, mai kaɗan, kifi da ganye. Mu kuwa mu ci abin da ya samu. Da ta yi aure, mijinta direba ya ɗora daga inda aka tsaya. Shi ke miƙa mata magani. Kullum da safe, kafin ta hau keken ɗinki, sai su zaga unguwa a ƙafa suna hira, wai umarnin likita. Nawa mijin, Allah ya ji ƙansa, ko bakin ƙofa bai taɓa raka ni ba. Har gwajin jini na je na yi, aka ce lafiyata ƙalau. Na dawo ina jin haushi.

Bara gwiwar direba ta ƙi. Auta ta daina fita, tana tsoron ta faɗi a titi ita kaɗai kamar Baba. Ta liƙe wa keke safe da yamma, har likita ya ce kitsen ya ƙaru. Direba ya sa aka kira ni, ya roƙe ni in riƙa raka ta. Na ce masa ni ba 'yar rakiya ba ce.

Auta ko ɗagowa daga ɗinkin ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙyale ta. Yaya ba za ta iya ba, jiki ya yi nauyi."

Washegari da sassafe ina ƙofarta, takalmi a ƙafa.

Yanzu kullum muna fita. Tana gaba, ina baya ina haki. Masu shaguna na gaishe ta, suna tambayar jiki; ni da gumi ke zuba ba mai tambayata. Ta daɗe da wuce shekarun Baba. In mun dawo, direba na zaune a ƙofa da kofin ruwa, guda ɗaya. Auta kan sha rabi ta miƙo min. Ina karɓa, amma ba na godiya.